Huda Huɗu a Murfin But

Shafi na 6

Masu cika min waya da “Akawu, ka huda ko ka tsorata?”, na ga saƙonninku. Har da bawan Allahn da ya rantse matata ce ta ƙwace wayar. Ba ta ƙwace ba. Aro ta yi na kwana biyu.

Wanda yau ya shigo, ga inda aka kwana. Na sayi fiffiken mota, irin wanda kamfani ke ɗaurawa a kan murfin but, na asali, launinsa ɗaya da motata. Ya zo da takardar awo, noti huɗu da takardar bayani. Sai an yi huda huɗu a jikin murfin, ita kuwa huda ba ta san “a yi haƙuri” ba. Na ce da hannuna zan ɗaura. Matata, wadda nake kira Gwamnati idan ba ta kusa, ta tuna min famfon da na gyara muka wuni kwasar ruwa da bokiti, da fankar da na taɓa ta koma juyawa da baya.

Ƙarshe dai muka rubuta yarjejeniya ranar Alhamis, da kwanan wata da sa hannu. Shekara ashirin da shida ina aikin ajiye fayil, ban san wata hanyar yin faɗa ba. In na ɓata murfin, akwatin kayan aikin marigayi Babana ya koma garejin yayanta har abada. In na yi daidai, akwati nawa ne, kuma ba a ƙara kiran Yaya gyara a gidan nan sai da izinina.

Akwatin nan shi kaɗai na ɗauka a kayan Baba. Har yanzu ƙotar gudumar da shatin yatsunsa.

To, ranar Asabar.

Ƙarfe tara na fito da motar tsakar gida, na shimfiɗa tsohon zanin gado, na jera kayan aiki kamar mai shirin tiyata. Ban gama jerawa ba na ji an turo ƙofa.

Yaya ne. Fanabita, shekara talatin yana miƙe motocin da suka ci karo. Mutum ne da in ya gaishe ka sai ka duba ko ya bar maka gori a aljihu.

“Akawu! Ashe da gaske ne.”

“Sannu da zuwa, Yaya. Wa ya kira ka?”

“Wucewa nake yi.”

Gidanmu ne ƙarshen layi. Bayanmu katanga ce.

Ya zagaya motar, ya shafa murfin but ɗin kamar mai lallashin jariri.

“Kawo makullin. In kai ta gareji, kafin rana ta take in dawo maka da ita da fiffikenta.”

“Na gode. Ni zan yi.”

“To mu manna shi da gam. Akwai gam mai ƙarfi, ba sai an huda ba.”

“Takarda ta ce a huda.”

“Takarda! Takardar ta taɓa tuƙa mota?”

Sai ga Gwamnati da shayi a kan faranti. A kan faranti fa. Rabona da ganin farantin nan tun zuwan shugaban ofishinmu duba ni.

“Baban yara, ga shayi. Ni fa na yi tunani, a bar zancen yarjejeniyar nan. Yaya ya ɗaura abin, kai kuma ka riƙe akwatinka, ka dinga goge shi kana kallo.”

Mai hankali da ya karɓa. Amma “kana kallo” ɗin nan ta tsaya min a wuya kamar ƙayar kifi.

“Abin da aka sa wa hannu ba ya tashi da shayi,” na ce. Na kuma shanye shayin, don ba shi ya yi min laifi ba.

Na buɗe takardar bayani, na karanta da ƙarfi.

“Mataki na ɗaya. A cire kafet ɗin da ke cikin murfin gaba ɗaya.”

Ban rufe baki ba Yaya ya riga ni isa.

“Wannan kam bari in taya ka. Maɓallan karyewa suke yi a hannun ɗan koyo.”

Ya ɓalle kusurwa biyu kawai, ya lanƙwasa su.

“Iya nan ya isa hannu ya shiga ya ɗaura noti. Cire duka wahalar banza ce.”

Na yarda. Nan ne kaɗai na saɓa wa takarda, ku riƙe wannan.

Mataki na biyu, neman tsakiyar murfi. Na auna faɗi, na rubuta, na fara rabawa biyu da biro. Na samu amsa uku daban-daban. Gwamnati tela ce, kuma tela ba ya iya kallon ana wulaƙanta awo ya yi shiru. Ta fizge tef ɗin daga hannuna.

“Haba dai! Ninka shi biyu mana, ga tsakiya nan. Sai ka ce mai lissafin taurari.”

Ta ɗiga alli a wurin. Sai kuma ta ciji leɓe, ta tuna ɓangaren da take. Yaya ya harare ta.

Na shimfiɗa takardar awo a kan ɗigon, na manne da salatif. Dama ta kwanta lumui. Hagu ta ɗan ɗaga, kamar akwai tudu a ƙarƙashi. Na cire, na mayar. Haka. Sau bakwai.

“Takardar ce karkatacciya,” in ji Yaya. “Ka ga alama ke nan. A haƙura.”

“Yaya, na yi shekara ashirin da shida da takarda. Mutane ke karkacewa, ita ba ta yi.”

Ban san daga ina maganar ta fito ba. Ni kaina sai da na waiga.

Na sa ƙusa a kan alama ta farko, na ɗan buga da gudumar Baba don bakin injin ya samu wurin zama. Na ɗauki injin huda. Na karanta duk addu'ar da na sani, har da ta shiga kasuwa.

Na danna.

Zzzzz. Fut!

Wani siririn ƙarfe ya murɗo ya fito, fari fat, yana sheƙi. Huda zagayayya, tsaf, daidai kan alama.

Jama'a, an taɓa ba ni takardar yabo a ofis. Ban ji komai ba in aka kwatanta da wannan.

Ta biyu ma haka. Na fara fito da baki. Na ce wa Gwamnati ta matsa, tana tare min haske, alhali a bayana take.

Na koma hagu. Huda ta uku.

Ina dannawa bakin injin ya nutse kamar a cikin sabulu. Ba ƙara, ba turjiya. Maimakon ƙarfe sai wani gari ya dinga bulbulowa, fari-fari, ya zubo min a kan takalmi.

Na saki injin.

Na tsaya ina kallon garin.

“Shi ke nan,” in ji Yaya da sauri. “Ka ƙona shi. Injin ya yi zafi, ƙarfen ya zama gari. Na faɗa maka.”

“Ƙarfe yana zama gari?”

“A hannunka me ba ya zama?”

Gaskiya na yarda. Mutumin da ya sa fanka ta juya da baya ba shi da bakin musa wa masana. Na dubi Gwamnati, ta kawar da kai tana gyara ɗankwalin da bai kwance ba.

“Bar shi haka,” in ji Yaya, murya ta yi laushi. “In tafi da motar in rufa maka asiri. Miƙo akwatin.”

Na durƙusa na fara mayar da kaya. Sifana, filaya, guduma. Kowanne na ɗauka sai na ji kamar ina sallamar ɗan'uwa a tasha.

Amma akwai wani hali nawa. Ko korata aka yi daga aiki, ba na barin tebur a hargitse. Takarda ta ce a kwashe ɓurɓushin ƙarfe bayan huda, don kada ya yi tsatsa a kan fenti. Na ciro maganaɗisun Baba, wani baƙin dunƙule da yake tsintar noti da shi.

Na ɗora a dama. Ƙap! Ya kama murfin, ɓurɓushi ya taru a jikinsa.

Na ɗora a hagu.

Ya zame, ya faɗo min a kan babban yatsa.

Na ɗauka, na mayar. Ya sake faɗowa. Garin ma ko ƙwaya ɗaya bai bi shi ba.

Ni ba injiniya ba ne, amma na yi aji huɗu na firamare.

“Yaya.”

“Na'am.”

“Ƙarfen da ya ƙone, maganaɗisu yana daina kama shi?”

“Wani lokaci.”

“Wane lokaci?”

“Akawu, rana tana yi.”

Na miƙe. Na ɗauko takardar bayani, na karkaɗe ta.

“Mataki na ɗaya,” na ce. “A cire kafet ɗin gaba ɗaya.”

“Baban yara, shayinka zai huce,” in ji Gwamnati.

“Na shanye tun ɗazu.”

Na ɗaga murfin, na bi maɓallan ɗaya bayan ɗaya da bakin sukurudireba. Goma sha biyu ne. Ko ɗaya bai karye ba, ina so a rubuta wannan a tarihi. Kafet ya faɗo.

Dama sumul, yadda kamfani ya yi ta. Hagu kuwa duk sawun guduma ne, ɗaruruwa, kamar an yi wa ƙarfen ƙyanda. A tsakiyarsu, da rawayen fenti, ga zanen 'yar ƙaramar guduma da kwanan wata a ƙasanta.

Duk wanda ya san Yaya ya san wannan. Bai taɓa gama aiki bai sa tambarinsa a ciki ba, inda mai mota ba zai gani ba. Yana cewa ko bayan ransa, duk fanabitan da ya buɗe ya san gwani ya riga shi wucewa. Ya iya ɓoye lotsawa, amma bai iya ɓoye kansa ba.

Na sa tabarau. Karanta kwanan wata ai sana'ata ce.

“Sha huɗu ga Maris.”

Na ɗago kai na dube su.

“Sha huɗu ga Maris ina wajen kwas na sati guda. Na bar motar nan a ɗakin mota, a kulle. Da na dawo aka ce min an wanke ta ne shi ya sa take ƙyalli. Har na yi godiya.”

“Kuma an wanke ta ɗin,” in ji Gwamnati a hankali.

“Yaya, mene ne wannan garin?”

Ya share gumi da hularsa.

“Fila ce.”

“A yi wa ɗan koyo bayani.”

“Ƙullin da muke cike lotsawa da shi kafin fenti.”

“Wato ba ni na ƙona ƙarfe ba.”

“Ba kai ba ne.”

“Ban ji ba, injin nan ya taɓa min kunne.”

“Na ce BA KAI BA NE!”

Maƙwabcinmu da ke shanya a saman bene ya leƙo. Na ɗaga masa hannu, don ina son shaida.

“Amma tsakani da Allah,” in ji Yaya, “wata bakwai kana wanke motar nan duk Asabar. Ka taɓa ganin alama? Wannan aiki ne!”

“Aiki ne. Saura kaɗan ka tafi da akwatin ubana a kansa.”

Gwamnati ta buɗe baki, na ɗaga mata yatsa ɗaya. Shekara ashirin da biyu da aure ban taɓa gwada wannan ba. Ya yi aiki. Ban ba kowa shawarar ya gwada ba.

“Maganar wanda ya lotsa min mota tana nan tafe. Yanzu ina da aiki. Yaya, riƙe min fiffiken nan.”

“Ni?”

“Da hannu biyu. Kada ka sa masa yatsa a fenti.”

Ya riƙe. Wallahi ya riƙe.

Na ƙarasa huda ta uku har na ji bakin ya ci ƙarfe, na yi ta huɗu. Muka ɗora fiffike. Ƙusoshin ƙafarsa ta dama suka leƙo ta ciki da tsayinsu. Na hagu ko kansu bai fito ba, kaurin filar ya cinye su.

“Ka gani ko?” Yaya ya fara samun murya. “Dole dai sai gareji.”

Na tsinke ashana, na zura a hudar, na auna kaurin. Na zana da alli iya inda ƙafar fiffiken za ta rufe. Na ɗauko magagarin Baba na fara gogewa a hankali, cikin layi, kamar mai kankare kuskure a takardar da shugaba zai sa wa hannu. In goga, in hure, in auna da ashana. Minti arba'in.

“Wa ya koya maka wannan?”

“Ba kowa. Haƙuri ne, a ofis muke samunsa kyauta.”

Na shafa maganin tsatsa a bakin kowace huda, na jira ya bushe kamar yadda takarda ta ce, minti goma sha biyar cif, Yaya na tsaye da fiffike a hannu kamar mai jiran a ɗauke shi hoto. Na sa robobin hana ruwa. Muka ɗora. Ƙusa huɗu suka leƙo, kansu ɗaya.

Na ɗaura noti, dama, hagu, dama, hagu. Na mayar da kafet da maɓallansa sha biyu. Na rufe but.

Gwamnati ta matso da tef ɗinta ba tare da an kira ta ba. Ta auna daga gefen dama. Ta auna daga hagu. Ta sake.

“Nawa?” na ce.

“Ɗaya ne.”

“Bambancin?”

“Babu bambanci. Awon ɗaya ne.”

Ba ta tsaya nan ba, don Gwamnati ba ta amincewa da rahoto sai ta aiko kwamiti. Ta shimfiɗa farin yadi a cikin but, ta rufe, ta sheƙa bokiti biyu na ruwa a kai. Ta buɗe, ta shafa yadin, ta kai shi kumatu.

A bushe.

Yaya ya kama fiffiken ya girgiza da ƙarfinsa. Motar gaba ɗaya ta yi rawa, fiffike bai motsa ba. Ya tsuguna ya kalle shi ta gefe da ido ɗaya. Ya daɗe.

“Hm. Ya zauna.”

A bakin Yaya wannan daidai yake da lambar girma.

“Akwati naka ne, Baban yara,” in ji Gwamnati. “Na faɗa a gaban shaida.”

Na shiga motar na je bakin layi na dawo. An ce fiffike yana danne mota a ƙasa in tana tsananin gudu. Ni ban wuce ashirin ba, amma na rantse na ji ta danne. Mai shagon kan kwana ya ɗaga min babban yatsa, ko da yake mai yiwuwa ƙuda yake kora.

Na shigar da ita ɗakin mota da baya, yadda fiffiken zai huta a inuwa, na fito ina kaɗa makulli a yatsa. Na zauna a kan akwatina, na ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

“To. Wa ya lotsa min mota?”

Suka dubi juna.

“Ke ce?”

“Ni da ko kunna ta ban iya ba?”

“Yaya?”

“Ni gyara nake, ba na ɓatawa.”

“To aljani ne ya shiga ɗaki a kulle?”

Gwamnati ta ja kujera ta zauna. Ta yi irin murmushin da take yi wa wanda ya ba da ɗinki ya zo karɓar kaya bai san ya ƙara ƙiba ba.

“Ka tuna kantar da ka kafa a bangon ɗakin mota kafin ka tafi kwas? Wadda ka ɗora akwatin nan a kai, ka kira ni in zo in gani?”

“Tana nan daram har yau. Aikina ne mafi kyau.”

“Kwana biyu ta yi. Rana ta uku ta sauko da akwatin gaba ɗaya a kan but.”

“Amma ai tana...”

“Yaya ne ya mayar da ita. Da fentin da komai. Na ce kada a gaya maka, don na ga yadda kake shafa ta duk safiya.”

Na sauke ƙafata daga kan ɗaya.

Yaya kuwa sai ga haƙora. Ya matso ya dafa hannun akwatin, ina zaune a kai.

“To ai magana ta fito. Yarjejeniya ta ce in ka ɓata murfi, akwati nawa. Wa ya ɓata murfi? Tashi, Akawu.”

A nan ne shekara ashirin da shida suka yi rana. Na zaro yarjejeniyar daga aljihun gaba, na warware ta, na nuna masa ƙasan shafi.

“Karanta layin ƙarshe.”

“Ba ni da tabarau.”

“‘Wannan yarjejeniya ta fara aiki daga ranar da aka sa hannu.’ Alhamis ɗin nan. Maris ba ta ciki. Cire hannunka, Yaya, kana ɓata min fenti.”

Ya dubi ƙanwarsa. Ta ɗaga kafaɗa.

“Ni ma na sa hannu, Yaya. Ya ci.”

Ya cire hannun, yatsa ɗaya bayan ɗaya. Maƙwabci ya tafa daga saman bene. Na ɗan rusuna masa.

Ina ninke takardata Gwamnati ta ce, “Baban yara, kanta nawa ka kafa a ɗakin nan?”

“Biyu.”

“Ɗaya Yaya ya sake kafawa.”

“Ɗayar fa?”

“Ta bangon baya. Wadda ka jera wa gwangwanayen fenti jiya. Ba wanda ya taɓa ta, aikinka ne zalla.”

Na tuna da baya na shigar da motar.

Yaya ya gyara tsayuwa, ya naɗe hannu a ƙirji.

“Yau dai Asabar,” ya ce. “Yarjejeniya tana aiki.”

Daga cikin ɗakin mota wani abu ya ce ƙiiiƙ.